Waya Da Waya A Kasuwar Danja

Kafin in taka ƙafata a Danja, sanina da garin bai wuce tumatir da rake ba, sai kuma sunan da jarumin finafinan nan Sani Danja yake amsawa. Ɗan baffana ne, wanda sana'arsa sayen tumatir yana lodawa zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, ya matsa mini in raka shi, wai in ga inda jar miyar da nake ci take fitowa. Daga Kano muka biyo ta Zariya, muka ratsa Hunkuyi, ban ma lura da lokacin da muka faɗa jihar Katsina ba. Hunturu ne, hazo ya rufe sama. Dama da hagu gonakin rake, can nesa hayaƙin masu dafa mazarƙwaila, a bakin hanya kuma ga tumatir an yayyanka an shanya, ya yi jajawur.

Tumatir na je kallo, kuma na kalla har na ƙoshi. Amma abin da ya riƙe ni a garin yana cikin aljihuna tun daga gida.

Mai masaukinmu wani Alhaji ne, tsohon dillali a kasuwar kayan gwari. Bayan sallar isha'i muna zaune a ƙofar gidansa ana shan shayi, sai na ciro waya ina nuna musu bidiyon hawan Daushe da na ɗauka a Kano. Ɗansa, saurayi da bai wuce shekarun gama sakandare ba, ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Kawu, don Allah a tura mini." Na ce ya ba ni lambarsa. Na buɗe WhatsApp na danna, 'yar da'irar nan ta kama juyawa. Ta juya, ta juya, ta tsaya tana hutawa. Yaron ya yi ta kallona cikin ladabi har ladabin ya ƙare masa.

"Kawu, wai Kano za ka mayar da shi sannan ya dawo? Ga ni ga ka."

Ya karɓi wayar da hannu biyu. Da ya ga babu Xender a ciki sai ya dubi mahaifinsa, irin kallon da ake yi in baƙo ya zo ba shi da buta. Ta Bluetooth ya turo mini manhajar daga tasa wayar, ya haɗa su, ya ajiye su a kan tabarma kusa da juna. Kafin a zuba shayi na biyu bidiyon ya koma can. Ko sisin data babu wanda ya kashe.

Na san Xender mana, a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ma da ita ake aiki. Sai dai ni na daɗe da ɗaukarta kayan yara, tun da na fara sayen data ta wata-wata. A gida, uwargida tana ɗaki ina falo, in zan nuna mata hoto ta WhatsApp nake tura shi. Ban taɓa zama na lissafa tafiyar da hoton yake yi ba. Yakan tashi daga hannuna ya hau turken sabis na unguwa, ya bi igiyar ƙarƙashin ƙasa zuwa cibiyar kamfanin waya, ya nufi rumbunan Meta, kamfanin da ke da WhatsApp, waɗanda galibinsu ba ma a ƙasar nan suke ba, ta igiyoyin da suka fito daga teku a Legas. Sannan ya juyo ya sake bin hanya har ya sauko a ɗakin da bango ɗaya ne ya raba mu. Ni na biya, ita ma ta biya. Kiran waya ma haka yake: ko kafaɗarku na gogar juna, sai muryarka ta je turke ta wuce cibiya kafin ta dawo kunnen na kusa da kai. Wannan nake kira wayewa. Yaron da ya ajiye wayoyi biyu a tabarma kuwa, da an tambaye ni a Kano, cewa zan yi rashin kuɗin data ne ya sa shi.

Rashin kuɗin data yana ciki, ba a musu. Amma ba shi ke nan ba, kuma a kasuwa na ga sauran.

Akwai wani shago a bakin kasuwa, rabinsa rumfa rabinsa kwantena, inda ake cajin waya ana kuma tura finafinai. Allon katako ne jingine da bango, an jera masa soket sahu-sahu, wayoyi sun yi masa caa, kowacce an manna mata lamba da salatif, mai ita ya tafi da ɗan katin da ke ɗauke da lambar. Ƙaramin janareto yana ta ƙugi a baya. A kan tebur ga tsohuwar kwamfutar cinya da fuskarta ta tsage a kusurwa, an ɗaure mata rumbun ajiya da roba don kada ya motsa. Abin da ke cikin rumbun nan ya fi ƙarfin zama ɗaya: finafinan Kannywood masu dogon zango, fassarar Indiya, tafsirin malamai na azumin bara da na bana, littattafan Hausa da ake karantawa a saurara, waƙoƙin biki da na siyasa. Wani manomi da laka ta bushe a ƙafarsa ya zo neman wani bidiyo da aka ce ana bayanin maganin sharon, tsutsar nan da ta cinye tumatirin Arewa a 2016 har kwando ya gagari talaka. Ba shi da kuɗin sauke shi daga intanet, ba ya ma buƙata. Mutum ɗaya ya sauke, gari ya samu.

Da yamma ta yi, leburorin lodi suka tashi daga aiki da 'yan kuɗinsu a hannu, wurin ya cika. Waɗansu suna jiran mai shago, waɗansu sun koma gefe biyu-biyu suna musayar abin da suka riga suka samu. A nan na ji mai shagon ya fara ba da umarni, idonsa na kan kwamfuta.

"Kai mai jar hula, kashe naka tukuna. Ku biyun nan ku matsa can gindin bishiya ku yi. Wa ke son waƙa ɗaya kawai? Zo ka fara. Mai fim goma, kawo in sa maka igiya, kai ba ta iska za ka bi ba."

Na matsa na ce, "Maigida, me ya haɗa wayar wancan da aikinka, da za ka ce ya kashe?"

Ya ce, "Yallaɓai, iska ce take cika. In kowa ya buɗe lokaci ɗaya, abin da zai tafi a minti ɗaya sai ya yi goma, wani ma ya yanke a tsakiya a sake daga farko."

Bai karanta wannan a ko'ina ba, kuma gaskiya ya faɗa. In waya ta buɗe Xender, takan mayar da kanta ƙaramar tashar Wi-Fi ne, ɗaya wayar ta shiga ƙarƙashinta. Yawancin ƙananan wayoyi a zangon gigahaz 2.4 suke wannan aiki, zangon da hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wa kowa ba lasisi a 1985, duniya ta bi. Faɗinsa bai wuce megahaz 83 da ɗoriya ba, kuma layukan Wi-Fi uku ne kawai suke shiga ciki ba tare da sun hau kan juna ba. Bluetooth ma a nan yake zaune. Babu shugaba a wannan zango, don haka kowace na'ura da dabararta ta kauce wa karo. Wi-Fi yakan kasa kunne kafin ya yi magana. In ya ji wani na yi, ya dakata, ya ƙirga wani ɗan lokaci da ya zaɓa kara-zube, ya sake gwadawa. Bluetooth kuwa ba ya zama wuri ɗaya, tsalle yake tsakanin ƙananan layuka 79, sau 1,600 a daƙiƙa guda, in ya yi karo a nan ya riga ya bar wurin. Wayoyi huɗu a kan tabarma, dabarar tana aiki sumul. Wayoyi talatin a ƙarƙashin rumfa ɗaya, sai lokacin ya ƙare a jira da maimaici.

Abin da mai shagon yake yi da baki, ashe, shi ne rabon. Ya nisanta waɗansu don kada su dami juna. Ya gabatar da mai ƙaramin kaya don layi ya ragu. Ya sauke mai babban kaya daga iska gaba ɗaya ya mayar da shi igiya. Masu manyan wayoyi kuma akwai maɓallin da yake danna musu su koma zangon gigahaz 5, inda fili ya fi yawa, sai dai ba ya nisa, dole a matso. Na tsaya ina kallonsa har aka kira magariba, ni da na zo daga birni da niyyar a tambaye ni abubuwa.

Da dare na kawo wa Alhaji labarin, na ƙara masa da ɗan abin da na sani game da ɗaya ɓangaren, wato iskar da ke da mai ita. Zangon da wayarka take kira a kai ba na kowa ba ne, saye aka yi. A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a Abuja, kowane ɗaya ya tashi a kan dala miliyan 285, kuma a watan Agustan shekarar MTN da Econet suka fara aiki. A Disamban 2021 aka sake gwanjon zangon gigahaz 3.5 na 5G, MTN da Mafab kowanne ya ɗauka a kan dala miliyan 273.6. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi ba zai bar wayoyi su yi ta kasa kunne suna jiran sa'a ba. Turke ne yake rabo. A tsarin 4G yakan yanka lokaci gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ya yanka zangon ma yanki-yanki, kowane yanki kilohaz 180. Waya ta ce tana da saƙo, ta faɗi yadda take jin turken, shi kuma ya ce mata ga yankinki, ga lokacinki, ga iyakar ƙarfin da za ki ɗaga murya. Haka yake yi wa ɗaruruwan wayoyi sau dubu a kowace daƙiƙa.

Alhaji ya ajiye kofinsa ya ce, "To ai dillali ke nan, Malam."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce manomi da ɗan kasuwa suna iya haɗuwa a bakin gona su yi cinikinsu, babu la'ada, babu kuɗin ɗauko kaya zuwa kasuwa, kuma ana yi. Amma ranar da mota hamsin ta shigo, kwando dubbai suka sauka, kowa na son ya sayar kafin rana ta dafa masa kaya, in babu wanda zai ce wane ya fara, wane ya jira, wane ya sauke a can, to a ranar za a ga tumatir a kwata. "Ana zaginmu a kan la'ada," in ji shi, "amma ranar da ba mu fito ba ake sanin aikinmu." Ɗan baffana, wanda ya sha biyan la'adar, ya ce shi dai bai taɓa ganin ranar da dillali bai fito ba.

Turke kam an ga ranar da bai fito ba, kuma a wannan yanki ba a manta ba.

A ranar 3 ga Satumban 2021 aka kashe layukan waya a faɗin jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnanta na lokacin, Bello Matawalle, don a raba 'yan bindiga da infoma masu tsegunta musu motsin jami'an tsaro. Cikin watan nan Katsina ta bi sahu a zamanin Aminu Bello Masari, aka fara da ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtua da Bakori da Malumfashi. An kuma hana sana'ar cajin waya a ƙananan hukumomi da dama. Sai gab da ƙarshen shekara aka fara mayar da sabis a Katsina. Ni a Kano a rediyo na ji, na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da latsa wayata. A Danja kuwa, da na ɗauko zancen, kowa a majalisar yana da nasa.

Wani ya ce matarsa ta fara naƙuda yana fadama, sai yaro aka tura da gudu. Mai POS ya ce injinsa ya koma abin danne takarda. Alhaji ya ce a watannin nan sai ka loda mota ba ka san farashin Legas ba, ka sallame ta da addu'a. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne labarin wani ɗan acaɓa. Da safe mutane sukan rubuta saƙonninsu ko su naɗi murya su danna turawa, saƙon ya maƙale. Sai ya tattara wayoyin a jaka, ya hau babur ya nufi inda aka ce sabis yana leƙowa, ya tsaya a kan tudu har sai ya ji jakar ta kama tsuwa. Saƙonni sun fita, amsoshi sun shigo. Ya juyo ya rarraba wa kowa tasa, a ba shi na mai.

"Amma Xender ba ta mutu ba," in ji ɗan Alhaji. "Fim dai mun kalla."

Nan ne abin ya tsaya mini a rai. Wayoyin nan duk suna da na'urar aikawa da ta karɓa, suna da batir, suna iya miƙa wa juna fim na awa biyu a kan tabarma. Amma mutumin da ke fadama ba zai iya ce wa na gida "ga ni nan tafe" ba, don wani ƙarfe da ke tsaye a bayan gari ya yi shiru. Me ya hana waya ta kira 'yar'uwarta kai tsaye, a kan zangon nan mai ƙarfi da aka saya da miliyoyin daloli, wanda a lokacin yake zaune babu mai amfani da shi?

Ba ilmi ne ya hana ba. Ƙungiyar 3GPP, wadda tun 1998 take rubuta ƙa'idojin da wayoyin duniya suke bi, ta riga ta saka wannan a kundinta na 12 da aka kammala a 2015: hanyar gefe, daga waya zuwa waya, ba a bi ta turke ba. Waɗanda suka fi matsawa a yi su ne 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, musamman na Amurka, inda aka kafa hukumar FirstNet a 2012 bayan wahalar sadarwar da masu ceto suka sha a harin 11 ga Satumban 2001. Su rediyoyinsu na dā suna magana da juna ko babu turke, suka ce ba za su koma 4G ba sai an ba su irin wannan.

Wahalar tana wajen rabo, wato daidai inda mai shagon caji yake fama. Wayoyi biyun da za su yi hira kai tsaye a cikin zangon kamfani za su yi ta, kuma a wannan zango akwai wasu ɗaruruwa da ke magana da turke. Masu tsarin suka ce a ba su gurbi a ɓangaren da wayoyi ke aika saƙo sama zuwa turke, ba ɓangaren da turke ke saukar da nasa ba. Dalili: wannan ɓangaren ya fi sauƙin cunkoso, tunda mutane sun fi saukewa a kan turawa, kuma in hayaniyar ta yi yawa, turke ne zai fara ji, shi kuwa yana da ikon tsawatarwa. Wayar 4G ƙarfinta ba ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na wat ɗaya, amma biyun da ke kusa da juna ba sa buƙatar ko kusa da haka. In suka yi ƙasa da murya, sai a iya ba wasu biyun da ke can kasuwa gurbi ɗaya da na biyun da ke fadama, a lokaci ɗaya, babu mai jin wani. Ribar ke nan da injiniyoyi suke hange: gurbi ɗaya ya yi aiki sau biyu, sau uku. In kuwa aka yi kuskuren lissafin nisa, duka su lalace, har da na bawan Allah da ke kiran Legas bai san hawa ba bai san sauka ba.

In akwai sabis, turke ne yake wannan lissafi. Ya raba gurbin, ya koma gefe, saƙon ya wuce tsakanin wayoyin. In babu sabis, an riga an ajiye wa wayoyin wani keɓaɓɓen fili da za su zaɓa da kansu. Da farko kara-zube suke zaɓa, a yi ta karo, ga shi kuma waya ba ta ji a daidai lokacin da take aikawa, don haka biyun da suka faɗa gurbi ɗaya ba su ma san sun yi ba. A kundi na 14, na 2017, wanda aka yi domin motoci su riƙa sanar da juna inda suke a kan titi, aka gyara: na'ura ta saurari abin da ya gudana a daƙiƙa ɗayar da ta wuce, ta ware guraben da wasu suka kama, ta zaɓa daga cikin kashi 20 cikin ɗari da suka fi shiru, ta kuma sanar cewa za ta riƙe wannan gurbi na ɗan lokaci. Aikin ɗan acaɓan nan ma an rubuta shi tun a kundi na 13: wayar da ke samun sabis ta zama gada ga wadda ba ta samu.

Duk wannan yana takarda, wani ma yana cikin motoci a ƙasar Sin. A wayar da ke aljihuna babu, a ta ɗan Alhaji babu. Ƙa'idar da kanta ta ce sai da izinin mai zangon, kuma magana kai tsaye inda babu sabis jami'an tsaro da na ceto aka keɓe wa tun farko. Kamfanin waya ba shi da dalilin roƙon masu ƙera waya su saka masa hanyar da ba ya iya ƙirga mintocinta. Hukuma ma ba ta ɗokin hirar da ba ta bi ta inda za a iya saurare ko a yanke ba. Masu zanga-zangar Hong Kong da suka nemi irin wannan a 2014 sai da suka koma kan Bluetooth da Wi-Fi da wata manhaja mai suna FireChat, wato iskar nan dai ta kowa da kowa, mai gajeren zango.

Na faɗi wannan a majalisa da ɗan zafi, ina jin na kawo wa mutanen ƙauye hujjar da za su yi fushi da ita. Ba su yi ba. Wani dattijo mai gyaran injin ban-ruwa ya ce, "Ɗana, in wayata za ta kira gida ba turke, ta ɓarawon daji ma za ta kira infoma ba turke. To me aka kashe ke nan?" Wani ya amsa masa cewa su ɓarayin ai ba su rasa hanya ba ko a wancan lokacin, talaka ne ya rasa. Alhaji kuma ya kawo nasa lissafin: irin wannan kira ba ya wuce 'yan ɗaruruwan mitoci, in an yi sa'a fili ne a kai kilomita, shi kuwa mai sayen kayansa yana Legas. "Ni ba ta raba ni da turke ba. Amma tsakanin gida da gona, tsakanin kasuwa da tasha, wannan kam da ta yi rana." Ni dai ina ganin mai gyaran injin yana da gaskiya rabi, wanda ya amsa masa yana da rabi, kuma ba tsoron ɓarayin Katsina ne ya sa aka bar abin a takarda ba. Tun kafin 2021 ba a saka shi ba, don babu wanda ya gano ta inda kuɗi zai fito.

A daren ƙarshe na ga waɗanda suke da hanyar gefe tasu ta hannu. 'Yan sintirin unguwa ne suka zo wucewa, shugabansu ya tsaya gaida Alhaji, oba-oba tana rataye a ƙirjinsa tana ƙarar shashsha. Na roƙa ya ba ni na juya ta. Baƙar roba ce mai ɗan tsinin eriya, maɓalli ɗaya a gefe: ka danna ka yi magana, ka saki ka saurara. Ba kati, ba data, ba turke. Dukkansu layi ɗaya suke, kuma duk wanda ya san layin, nasu ne ko ba nasu ba, yana ji. Shi ya sa ba sa kiran sunan wuri, suna da nasu laƙabin ga kowace kusurwa ta gari.

Na ce, "Shugaba, in mutum biyu suka danna tare fa?"

Ya ce wanda ya fi kusa da kai shi za ka ji, ko ka ji gurnani kawai. Don haka doka ce: ka faɗi abin da ya kawo ka a taƙaice, ka ce ka gama, ka saki. Babba ya fara, sai in na ƙasa ya ga abin da ba ya jira. Ya ce akwai daren da wani yaronsu ya saka tasa a aljihun baya ya zauna a kan benci, maɓallin ya danne. Sauran duk suka rasa bakin magana, sai hirarsa da mai shayi suke ji, har da bashin da ake binsa na ƙwai biyu da rabin burodi, ga shi ba hanyar da za a ce masa ya tashi, tunda mai dannawa ba ya ji. Sai da aka tura mutum a kan keke ya zagaya teburan masu shayin garin ya nemo shi. Tun daga ranar aka hana saka oba-oba a aljihu, a ƙirji ake rataye ta, kuma wanda ya sake danne layi shi zai sayi shayin kowa na wannan dare.